Gidan Sardauna: A Rufe Ko A Buɗe?

A Kaduna, a harabar gidan da sojoji suka kashe Sardauna Ahmadu Bello ranar 15 ga Janairu 1966, yau ɗalibai ne ke zaune suna nazari. Daga baya aka mayar da wurin Arewa House, inda ake adana littattafai da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci.

Wani zai ce rashin ladabi ne, inda jini ya zuba a bar shi shiru. Ni ban yarda ba. Gidan da aka kulle, gara ce magajiyarsa. Ilimi mai amfani kuwa ladarsa na iske mamaci har kabari.

To mu a zango fa? Littattafan kakanninmu malamai na ruɓewa cikin akwatuna, zaurukansu kuwa mun ba da haya.