Raunin Bakin Aiki: Haƙƙi ne ko Taimako?

Idan mutum ya ji rauni yana cikin aikin da wani ya ɗauke shi ya yi, sai maganar wanda zai biya magani da wanda zai ciyar da iyalinsa ta taso, tare da wata da ta fi su nauyi: abin da za a ba shi haƙƙinsa ne, ko kuwa taimako ne da zai yi godiya a kansa? A ƙasar Magarya da Dungas, kudancin jihar Damagaram a kan iyaka da Katsina da Jigawa, amsoshi uku ne suke zaune wuri ɗaya. Akwai ta dokar ƙasa, akwai ta littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure, sannan ta al'ada, wadda a zahiri ita ce ta fi aiki.

Amsar doka ita ce mafi sauƙin faɗa. A Nijar, asusun CNSS da aka kafa a 1965 shi ke ɗaukar nauyin haɗarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa ga ma'aikatan da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago, wadda aka sabunta a 2012. Mai ɗaukar ma'aikaci ne kaɗai ke zuba kuɗin wannan fanni, kashi 1.75 cikin ɗari na albashi, ba a cire ko dala daga aljihun ma'aikaci. In haɗari ya faru, wajibi ne ya sanar cikin awa 48. Asusun ke biyan magani, ya riƙa ba majinyaci wani kaso na albashinsa muddin yana kwance, in kuma nakasa ta tabbata ko rai ya yi halinsa, a yanka masa ko wa iyalinsa kuɗin da za su riƙa karɓa. Haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki. Direba ko mai gadi ko mai shara da aka yi wa rajista, a Jami'ar André Salifou ta Damagaram yake ko a wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Magarya, duk wannan tsari ya shafe shi. Ba a tambayar ko laifin wa ne. Aikin ne ya jawo raunin, don haka aikin zai biya. Asalin wannan tunani daga Turai yake, daga dokar Jamus ta 1884 da ta Faransa ta 1898, lokacin da injunan masana'antu suka yi ta cinye hannayen mutane, kotuna kuma suna korar ƙararsu saboda sun kasa tabbatar da sakacin mai masana'anta. A tsallaken iyaka, Najeriya ta yi irin wannan doka a 2010, inda ake zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun NSITF.

Sai dai masu rajista 'yan ƙalilan ne a wannan yanki. Mafi yawan masu jin rauni 'yan ƙwadago ne da babu takarda tsakaninsu da kowa: maginin rijiya, yaron injin niƙa da bel ya fizge wa yatsu, mai saran rake a fadamun Waca, ɗan kabu-kabu da ke tuƙa babur ɗin wani, lebura mai lodin buhuna ranar kasuwar Maigatari. Irin waɗannan, in tsautsayi ya faɗa musu, maigidan ya kai su likita ko wurin mai ɗori, ya biya na farko, ya aiko da jika biyu ko tiyar hatsi, a ce ya kyauta. Daga nan sai maganar ta koma hannun dattawa da malamai, su kuwa da fiƙihu suke aunawa.

Fiƙihu ya san diyya sarai, kuma ya ƙididdige ta. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil sun kawo diyyar rai raƙumi 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya ne, kowane yatsa raƙumi 10, haƙori raƙumi 5, raunin da ba a yanka masa adadi ba kuma masana su kimanta. Amma duk wannan yana hawa ne a kan wanda ya jawo ɓarnar da hannunsa, ko ya ƙetare iyaka, ko ya yi sakaci. Ɗaukar mutum aiki kaɗai ba ya sa lamuni. Akwai hadisin Abu Huraira a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim wanda ya nuna cewa abin da rijiya ko ramin haƙar ma'adini ya halaka babu biya a kansa, kuma daga cikin fassarar da malamai suka yi masa akwai wannan: wanda ya ɗauki baligi mai hankali ya gina masa rijiya, ta rufta da shi, babu diyya a kan mai rijiyar. A ƙasa mai rairayi irin ta Dungas, inda magini kan sauka gaba da yawa da igiya a ƙugu, yana cika guga ana ja, bango kuma yana iya zubowa kafin a sa masa siminti, wannan mas'ala ba ta cikin littafi kaɗai ba ce. Dalilin hukuncin shi ne magini ya fi mai rijiya sanin ƙasa, shi ya zaɓi inda zai sa ƙafa, kuma ya yi cinikin ladansa yana sane da haɗarin.

Wannan dalili shi ne kuma iyakar hukuncin. Imamu Malik da kansa ya ce wanda ya sa yaro ya shiga rijiya ko ya hau dabino, yaron ya halaka, to lamuni yana kansa, domin yaro bai san abin da yake shiga ba. Haka wanda ya ba ma'aikaci ruɓaɓɓiyar igiya yana sane, ko ya ɓoye masa aibin inji. Abin lura shi ne yawancin aikin zamani ya fi kama da halin yaron fiye da na maginin. Mai shara a ɗakin gwaje-gwaje bai san abin da ke cikin kwalba ba, yaron injin niƙa ba shi ya cire murfin bel ba, direba ba shi ya hana a sake taya ba. Wanda ya tsara aikin, ya mallaki kayan, yake kuma cin ribar, shi ne ya san haɗarin. Mazhabar Malik ta saba da irin wannan duba: asali mai sana'a amintacce ne a kan kayan da aka ba shi, amma aka ɗora wa maɗinki da marini lamunin abin da ya ɓace a hannunsu saboda maslahar jama'a. In an yi haka don kare tufar mutane, da wuya a ce hukuma ba ta da ikon yin irinsa don kare gaɓoɓinsu.

Akwai kuma wata ƙofa, wato aƙila. A kisan kuskure ba wanda ya yi kisan ne ke biyan diyya shi kaɗai ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗawa cikin shekara uku, kuma a wurin Malikiyya suna ɗaukar duk abin da ya kai sulusin diyya. Ke nan shari'a ta yarda mutanen da ba su yi laifin komai ba su raba nauyin asara, don kada jini ya tafi a banza, kada kuma mutum guda ya tsiyace. Sayyidina Umar ya mayar da wannan nauyi kan waɗanda suke cikin diwani ɗaya suna karɓar rabo tare, ko da ba dangi ba ne. A kan haka malamin fiƙihu Mustafa Zarƙa ya kafa wani ɓangare na hujjarsa ta halatta inshora. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta haramta inshorar kasuwanci a 1985 saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, ta halatta ta taimakon juna, sannan a zamanta na Dubai a 2005 ta yarda asusun ma'aikata da ƙungiyoyin sana'a su tsaya a matsayin aƙila. Asusun gwamnati da ba don riba aka kafa shi ba ya fi kusa da inshorar taimakon juna, shi ya sa ƙyamar da wasu ke yi wa kuɗinsa ba ta da ƙarfin hujja.

Abin da ya fi hana mutane karɓa, duk da haka, ba garari ba ne. Ana cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wanda ya nemi biya kamar bai yarda da hukuncin Allah ba ne. In rai aka rasa kuma, a ce ba za a ci kuɗin jini ba. Imani da ƙaddara rukuni ne, amma bai taɓa soke haƙƙi ba. Kisan kuskure ma ƙaddara ne, Alƙur'ani kuma a Suratun Nisa'i ya wajabta diyyarsa, ya bar wa magada zaɓin su yafe. Da ƙaddara tana kawar da lamuni, da babin diyya gaba ɗaya bai samu wurin zama a fiƙihu ba. Lokacin annobar Amwas, Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, ya kuma nuna wa Abu Ubaida cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar take. Kalmar tana sanyaya zuciyar wanda abin ya sama, amma idan ta fito daga bakin wanda biya ke kansa, sau da yawa rufe magana take yi.

Yafewa kuwa halal ce kuma abin yabo, da sharaɗin mai yafewar ya mallaki abin, ya san yawansa, kuma ba kunya ko tsoron rasa aiki ne ya sa shi ba. A nan al'ada ta fi yin tuntuɓe. Diyyar mamaci gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyarsa, har matarsa tana da rabo. Umar ya koma ga wannan hukunci bayan Dahhaku ɗan Sufyanu ya ba shi labarin matar Ashyam, wadda aka ba rabo daga diyyar mijinta. Saboda haka idan baffa ya miƙe a zaman makoki ya ce sun yafe duniya da lahira, rabonsa kaɗai maganarsa ta shafa, in ma yana da rabon. Na matar sai da yardarta, na marayu ƙanana kuma waliyyi ba shi da ikon zubar da shi a kyauta, domin an ɗora shi ne ya tsare musu dukiya. Dokar ƙasa ma haka ta tsara: kuɗin da asusu ke biya bayan mutuwar ma'aikaci da sunan matar da 'ya'yan ake yanka shi, kowa da kasonsa.