Darasi: Shanyayye da Mutum Huɗu da Suka Ɗauko Shi

Abin karantawa: Markus 2:1-12, Yaƙub 5:13-16.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, wannan al'amari ya auku a Kafarnahum, a bakin Tekun Galili. Yesu yana cikin wani gida yana koyarwa, jama'a kuwa sun cika shi maƙil, har ba wurin tsayawa ko a bakin ƙofa. Sai ga mutum huɗu ɗauke da wani shanyayye. Da suka rasa hanyar shiga suka hau bisa, gama ɗakunan ƙasar masu shimfiɗaɗɗen rufi ne na itace da ƙasa, kamar soro, da matakala daga waje. Suka fasa rufin, suka zura shi a gaban Yesu.

Sai mu lura da kyau. Markus ya ce bangaskiyarsu ce Yesu ya gani, watau har da ta masu ɗaukar. Ba a rubuta mana ko kalma ɗaya daga bakin majinyacin ba. Akwai loton da ciwo yakan ci ƙarfin mutum har addu'a ta gagare shi. A wannan loto wajib ne 'yan'uwa su ɗauke shi.

Yesu kuwa bai fara da ƙafafun ba. Ya kira shi ɗa, ya shaida masa an gafarta zunubansa. Marubuta suka ce a ransu saɓo ne, tun da Allah kaɗai ke gafarta zunubi. Wannan kam gaskiya ne. Abin da ya kuɓuce musu shi ne ko wane ne ke gabansu. Da shi ke ido ba ya ganin gafara, sai ya ba su abin da ido ke gani: mutumin ya tashi, ya ɗauki shimfiɗarsa, ya fita a gaban kowa.

Amma kada wani ya ce kowace cuta sakamakon zunubi ce. A Yohanna sura 9 Ubangiji ya ƙi wannan zato a kan wanda aka haifa makaho. Bulus ya roƙa har sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri. Shi ne kuma ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militus. Saboda haka wanda ya gaya wa majinyaci cewa ƙarancin bangaskiyarsa ne ya hana shi warkewa, ya ƙara masa kaya ne kawai. Zuwa asibiti ma ba rashin bangaskiya ba ne. Ai Luka likita ne.

Yaƙub ya umarta mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Nan take kuma ya haɗa da furta laifofi ga juna, abin da mukan tsallake don ya fi wuya. Yaya dattijo zai ɗora hannu a kan wanda ya shekara yana gaba da shi?

Kafin ku tashi, ku tuna wanda ciwo ya hana shi zuwa sujada. Su wane ne huɗun da za su je gidansa a makon nan?