Asirin Wa Za A Rufa?

Ya ku masu bi na Birnin Kebbi da Argungu, da ku da ku ke bincike tukuna, kun sani ba abin da Bahaushe ya ke roƙon Allah kamar rufin asiri. Amma idan ma'aikacin Ekklesiya ya cuci yaro, asirin wa za a rufa? Waɗansu sukan ce a yi shiru, kada sunan bishara ya ɓaci. To, ku ji abin da shirun nan ya haifa.

Turawan mishan da suka zo Afirka ta Yamma sukan kai 'ya'yansu makarantar kwana tun suna shekara 6, domin iyaye su sami sararin wa'azi. Ɗaya tana Mamou cikin ƙasar Gini, a hannun mishan ta Christian and Missionary Alliance, har aka rufe ta a 1971. A can an yi wa yara dukan da ya wuce horo, an kuma yi lalata da waɗansu. Wasiƙar da yaro ya rubuta wa uwarsa, sai an karanta ta kafin ta fita. Abin da ya fi tada mini hankali kuwa shi ne maganar da a kan gaya musu, wai in sun faɗa aikin iyayensu zai rushe, mutanen Afirka su hallaka ba su ji bishara ba. Ashe da sunanmu aka toshe bakin yaran nan, mu kuwa ba mu sani ba!

Sai da suka girma kana suka iya magana. Aka yi bincike, aka iske gaskiya ne, a 1999 shugabannin mishan ɗin suka taru da su a Amurka suka roƙi gafara. Kada kuma a ce abin na nesa ne. A 2021 tsofaffin 'yan makarantar Hillcrest ta Jos, wadda aka buɗe a 1942, suka fara faɗin nasu, har wani tsohon shugabanta ya amsa ya yi wa yara biyu aikin lalata. Waɗansu kuma da suka zauna a Kent Academy ta Miango, inda a dā ma'aikatan SIM na ƙasar Hausa su kan kai 'ya'yansu, sun kai ƙara kotu.

Mai tambaya zai ce, ba an umurce mu mu gafarta ba? I, an umurta. Amma gafara a hannun wanda aka cuta ta ke, kuma mai laifi ba shi da ikon sa mata rana. Ku tuna da Eli firist. Ya ji muguntar 'ya'yansa, ya tsauta musu da baki, ya bar su bisa aikinsu, hukunci kuwa ya sauko wa gidansa duka. Zakka mai karɓar haraji da ya tuba, a gaban jama'a ya ce zai mayar wa waɗanda ya zalunta riɓi huɗu.

Asirin yaron za a rufa, kada sunansa ya shiga kasuwa, balle 'ya mace da za a yi wa gori ran aure. Mai laifi kuwa a raba shi da yara nan da nan, a kai maganarsa ga hukuma, ko da shi ya yi muku baftisma.

Mu ma muna aika 'ya'yanmu makarantun kwana da gidajen riƙo. Kadan ɗanka ya komo hutu ya daina wasa, ya koma fitsarin kwance, ran komawa ya kama zanen uwarsa yana kuka, ka ajiye bulala. Ka ja shi gefe ka tambaye shi a hankali, ka bar shi ya ƙare maganarsa tun ba ka ce Malam ba zai yi haka ba.