Imanin da ba ya kwana a rumbu

Shin imani dukiya ce da ake samu sau ɗaya a adana, ko kuwa aiki ne da ake tashi da shi kowace safiya? Tambayar ta shafi kowane mai addini, amma a nan za mu dube ta ta fuskar Kiristoci, waɗanda bisa ƙidayar 2012 ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƴan Nijar ba. Inda jama'a ba ta da yawa, babu taron da zai ɗauki mutum ya kai shi ibada; in bai tashi da ƙafarsa ba, ya zauna ke nan.

Littafinsu bai bar wurin shakka ba. A sura ta 16 ta Littafin Fitowa an ba da labarin manna, abincin da Bani Isra'ila suka riƙa tsinta a hamada: kowa ya ɗebi na yininsa, wanda ya ɓoye na gobe sai ya tarar ya yi tsutsa, in ba a jajiberin ranar hutu ba. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa abincin yini take roƙo. A sura ta 9 ta Bisharar Luka kuma, sharaɗin bin sa shi ne ɗaukar gicciye kowace rana. Manomi ya san rumbu, yana kuma alfahari da shi. To, ga wani abu da ba ya shiga rumbu.

Idan haka ne, ranar baftisma da taron Lahadi ba su isa ma'auni ba. Sai a dubi Talata da Laraba: mudun da ake awo da shi a kasuwa, bashin da aka yi alkawarin biya, yadda ake amsa wa maƙwabcin da ya yi zagi. Asibitin Galmi a jihar Tawa, da mishan SIM ta buɗe a 1950, da cibiyar jinyar kutare ta Danja kusa da Maraɗi, ba huɗuba ce ta sa jama'a suka yarda da su ba. Wanke gyambo ne yau, a sake wankewa gobe, shekara da shekaru, ga majinyata waɗanda akasarinsu Musulmi ne. Yau da gobe, in ji Bahaushe, shi ya sa allura ginin rijiya.

Mai tunani zai ce: abin da ake maimaitawa kullum ai sabo yake zama, baki na addu'a zuciya na kasuwa. Wannan gaskiya ce, kuma Musulmin da ke tsayawa salla sau biyar a yini ya san wannan haɗari sarai. Sai dai barin maimaici ba ya warkar da sabo. Sabunta niyya ke warkar da shi. Amfanin horon kullum kuwa ranar tsanani yake bayyana. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, sakamakon zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. Shugabannin Kiristoci suka yi kira da a yafe, wasu Musulmi kuma suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu. Ba a koyon irin wannan hali a yini guda. Wanda bai saba yafe ƙaramin laifi ba, da wuya ya yafe toka a wurin ibadarsa. Yafewar ma ba ta ƙarewa da sanarwa, domin kowace safiya sai an haɗu a bakin rijiya ko a layin famfo, a sake zaɓen yin gaisuwa.

Mu malamai muna da rabo a wannan darasi. Ɗalibi ba ya riƙe jawabinmu na ranar buɗe makaranta. Abin da yake gani shi ne ko mun zo a kan lokaci ran Alhamis, ko mun gyara takardarsa da adalci alhali mun gaji. Kowane irin imani muke riƙe da shi, a wannan ma'auni yara ke auna mu, gobe da safe kuma za su sake aunawa.