Ɗakin Karatun Unguwa: Larura Ne Ko Ƙawa?

  

A watan Satumba na 2013 birnin Birmingham ya buɗe sabon babban ɗakin karatunsa, ginin da ya ci kusan fam miliyan 189, kuma Malala Yousafzai ce ta buɗe shi. Ba a cika shekara biyu ba majalisar birnin ta rage lokutan buɗe shi daga awa 73 a mako zuwa awa 40. Shekara goma bayan bikin, a Satumbar 2023, majalisar ta fitar da sanarwar nan ta sashe na 114, wato ta shaida cewa kuɗin da ke shigo mata ba zai ɗauki ɗawainiyar da ke kanta ba. An ƙiyasta cewa haƙƙin ma'aikata mata da aka daɗe ana tauye wa albashi zai iya kaiwa fam miliyan 760. Aka ƙara harajin gidaje da kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka shiga laluben inda za a datse, sai ƙananan ɗakunan karatu na unguwanni, sama da 30, suka shiga jerin abubuwan da wuƙa za ta hau. Kusan mutum uku cikin kowane goma na mazauna wannan birni Musulmi ne, kamar yadda ƙidayar 2021 ta nuna, saboda haka maganar ta shigo mana har tsakar gida.

Birmingham ba ita kaɗai ba ce. Northamptonshire ta riga ta fitar da irin wannan sanarwa a 2018, Croydon a 2020, Nottingham a 2023. Alƙaluman da aka fitar a 2019 sun nuna cewa an rufe kusan ɗakunan karatu 800 a Birtaniya tun daga 2010. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan kuɗi ya yi ƙaranci, rufe ɗakin karatu zalunci ne, ko kuwa hankali ne?

Adalci ya wajabta mu fara sauraron mai rufewa, domin hujjarsa ba ta wasa ba ce. Kaso mafi tsoka na kasafin waɗannan majalisu yana tafiya ne ga kula da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman, da yaran da hukuma ta karɓa daga gidajen da suka kasa riƙe su, sai kuma samar da makwanci ga iyalan da suka rasa muhalli. Kansila zai ce maka: “Ga tsohuwa da ba ta iya tashi daga gado sai an ɗaga ta, ga kuma kantar littattafai. Kuɗin ɗaya nake da shi. Wanne zan bari?” Duk mai tausayi ya san amsar. Zai ƙara da cewa zamani ya juya, masu aron littafi sun ragu, kuma abin da a da sai an je laburare yanzu yana cikin wayar da ke aljihun kowa.

Ita ma doka ba ta ɗaure masa hannu sosai ba. Dokar 1964 ta ɗora wa majalisun Ingila da Wales nauyin samar da hidimar ɗakunan karatu wadda ta game jama'a kuma take aiki yadda ya kamata, amma ba ta faɗi adadin ɗakunan ko awoyin buɗe su ba. Ta wannan ɓarakar ake shiga a rage, a sake ragewa, ana cewa har yanzu ana cikin doka.

Malamanmu na usulu sun bar mana ma'aunin da ya dace da irin wannan ciniki. Imam Gazali, da Imam Shaɗibi na Andalus a littafinsa Al-Muwafaƙat, sun kasa maslahar ɗan Adam gida uku. Akwai larura, wadda idan babu ita addini ko rai ko hankali ko zuriya ko dukiya za su salwanta. Akwai buƙata, wadda rashinta ba ya kisa amma yana jefa mutane cikin ƙunci. Akwai kuma ƙawa, wadda ke gyara rayuwa ta yi kyau. Idan suka yi karo, ana gabatar da ta farko a kan ta biyu, ta biyu a kan ta uku. Bisa wannan tsari, jinyar tsohuwar nan larura ce, babu ja. To, a wane gida ɗakin karatu ya faɗa?

Amsar ta dogara ne ga wanda ake tambaya. Ga mai gida mai ɗakuna huɗu, da intanet mai sauri, da kuɗin sayen duk littafin da ya ga dama, laburare ƙawa ce. In an rufe zai yi tsaki ya wuce. Amma a dubi yarinyar da ke shirin jarrabawar kammala sakandare, su shida a gida mai ɗaki biyu, ba ta da teburin da za ta baje littattafanta. A dubi magidancin da ya rasa aiki, aka ce masa neman tallafin gwamnati da neman sabon aikin duk ta intanet ake yi, shi kuwa ba shi da kwamfuta balle na'urar buga takardu. A dubi sabuwar zuwa da ke koyon Turanci, wadda ba ta da inda za ta kai ɗanta ya ji ana karanta wa yara labari. A hunturun 2022, da kuɗin wuta da gas ya yi tashin gwauron zabo, ɗakunan karatu da yawa sun zama wurin fakewa daga sanyi ga tsofaffin da suka kasa ɗumama gidajensu. Ga waɗannan duka, ɗakin karatu buƙata ce ta haƙiƙa. Malaman fiƙihu kuwa suna da ƙa'idar cewa buƙata idan ta game jama'a ana sanya ta a matsayin larura. Shaɗibi ma ya yi nuni da cewa buƙatu katanga ce ga larurori: idan aka yi ta rushe katangar, wata rana ɓarnar za ta isa ga abin da take karewa. Yaron da bai ƙware a karatu ba, da tsohon da kaɗaici ya cinye, wataƙila su ne gobe za su dawo cikin kasafin nan na jinƙai da ake cewa ya yi nauyi.

Abin lura a nan shi ne, masu yanke hukuncin galibi suna cikin waɗanda laburare ƙawa ce a gare su, masu ɗanɗana hukuncin kuwa su ne waɗanda take buƙata a gare su. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Duk hukuncin da mai yanke shi ba zai ji zafinsa ba ya cancanci a duba shi sau biyu.

Mu da muka taso a ƙasar Hausa muna da abin da zai sauƙaƙa mana fahimtar darajar wurin, wato zaure. A zauren malami ko na mai unguwa baƙo yakan zauna ba a tambaye shi kuɗi ba, almajiri ya ɗauki darasi, a ari littafi a kwafa da hannu a mayar. Ta irin wannan hanya rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka zagaya garuruwa tun babu injin ɗab'i. Gidajen Ingila ba su da zaure. Shagon shayi sai ka saya za ka zauna, mashaya kuwa ba wurinmu ba ce. Idan ka ƙirga wuraren da ke da rufi da ɗumi da kujera, waɗanda Musulmi da Kirista da marar addini, mai kuɗi da marar shi, za su shiga su wuni ba a ce su sayi komai ba, za ka tarar ɗakin karatu ne kusan kaɗai ya rage. Shi ne zauren gari.

Aikin injiniya ya koya mini cewa ɓarna iri biyu ce: mai ƙara da marar ƙara. Idan bututun ruwa ya fashe, kowa zai gani, nan take a nemo kuɗin gyara. Idan kuwa aka soke kuɗin fentin gada da binciken ƙarafanta, bana ba abin da zai faru, baɗi ma haka, har mai kasafi ya yi alfahari da tsimin da ya yi, alhali tsatsa tana aikinta a ɓoye. Rufe ɗakin karatu ɓarna ce marar ƙara. Ribarsa tana fitowa a takardar kasafi ta wannan shekarar, asararsa kuwa sai bayan shekaru goma ko ashirin, warwatse a cikin rayuwar mutanen da ba za su taɓa sanin abin da suka rasa ba. Shi ya sa kullum yake da sauƙin yankewa.

Akwai kuma dabarar da ta fi rufewa kai tsaye illa, domin tana wanke hannun mai yin ta. A rage awoyi, a daina buɗewa da yamma da ranar Asabar, a daina sayen sababbin littattafai. Mutum ya zo sau biyu ya tarar da ƙofa a kulle, ba zai zo na uku ba. Bayan shekara biyu a fito da alƙaluma a ce jama'a sun daina zuwa, don haka babu dalilin ci gaba da kashe kuɗi. Wanda ya janye wa tukunya itace ba shi da bakin cewa ruwa ya ƙi tafasa. Sannan ragewa da rufewa ba ɗaya ba ne wajen dawowa. Awoyin da aka rage ana iya mayar da su idan hali ya samu, amma ginin da aka sayar aka mai da shi gidajen haya, da ma'aikatan da suka watse da ƙwarewarsu, da wuya su dawo.

Wasu majalisun sukan miƙa ɗakunan ga 'yan sa-kai. Niyya ce mai kyau, kuma masu yin aikin sun cancanci godiya. Sai dai tsarin ya fi tafiya a unguwannin da ke cike da masu fansho masu lokaci da sanin hanyoyin neman tallafi. A unguwar da uba ke tuƙin tasi da dare, uwa ke aikin jinya na karɓa-karɓa, wa zai tsare kantar littattafai ranar Talata da hantsi? Ƙarshenta unguwar da ta fi buƙatar laburare ita ce ta fi kasa riƙe ta.

Ban ce haramun ne a taɓa ko da ɗakin karatu guda ba. Ana iya haɗe biyu da ke kusa da juna, ko a tara laburare da ofishin ba da shawara da asibitin jarirai a gini ɗaya don rage kuɗin wuta da haya. Abin da adalci ke nema shi ne a fara ragewa daga inda mutane ke da madadi, a bar wa marasa madadi nasu, a fifita abin da za a iya gyarawa gobe a kan abin da ba ya dawowa, kuma a faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ake yi.

Saura namu nauyin. Wani zai ce mu haɗa kuɗi mu buɗe namu a masallaci. Wannan alheri ne, kuma ilimin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa ukun da hadisi ya tabbatar ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Amma ɗakin littattafan masallaci ƙari ne, ba zai maye gurbin na gari ba. 'Ya'yanmu suna buƙatar littattafan kimiyya da tarihi da adabi fiye da abin da asusunmu zai iya saya, kuma maƙwabcinmu wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙi a kanmu. Attajirin nan Andrew Carnegie, wanda ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500 a duniya, 660 daga ciki a Birtaniya da Ireland, bai ba da gini ba sai gari ya yarda zai riƙe shi da kuɗin haraji, kuma kowa zai shiga kyauta. Ya gane cewa kyautar mutum ɗaya tana iya kafa abu, amma riƙe shi sai al'umma. Tun dokar 1850, wadda ta fara ba garuruwan Ingila damar karɓar ɗan haraji don wannan aiki, a kan haka aka ɗora tubalin.

Saboda haka abin da ya fi kusa da hannunmu shi ne mu zama masu amfani da wurin kuma masu magana a kansa. Yin katin laburare kyauta ne. A yi wa kowane yaro nasa, a riƙa aro ana mayarwa, domin da yawan masu shiga da yawan aro ake auna ɗakin da za a bari. Idan majalisa ta buɗe jin ra'ayin jama'a, mu cike takardar, mu taimaka wa iyayenmu da Turanci bai zauna musu ba su cike tasu. Wannan ba aikin banza ba ne: a 2018 babbar kotu ta soke shirin Northamptonshire na janye hannu daga ɗakunan karatu 21 bayan mazauna yankin sun kai ƙara. 'Yan Najeriya da Ghana da Kamaru masu izinin zama suna da damar jefa ƙuri'a a zaɓen kansiloli a matsayinsu na 'yan ƙasashen Kwamanwel, kuma kansila yana sauraron unguwar da ke fitowa zaɓe. Limamanmu ma za su iya ware minti biyu bayan sallar Juma'a su sanar da ranar rufe karɓar ra'ayi, kamar yadda suke sanar da ɗaurin aure da jana'iza.

Muna biyan harajin garuruwan nan, a nan ake haifar 'ya'yanmu, a nan da yawanmu za su tsufa. Wanda ya sha inuwar bishiyar da wani ya dasa, mafi ƙarancin godiyarsa shi ne ya yi magana ranar da aka zo da gatari. Allah Ya ba shugabannin garuruwanmu basirar auna maslaha da adalci, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya sa mu zama masu amfani ga maƙwabtanmu.