Tseren Da Ba A Fara Shi Da Gaggawa

Rabin gudun fanfalaki kilomita 21 ne da 'yan mitoci. Masu yinsa don motsa jiki sun san ba a farkon hanya ake faɗuwa ba. Wanda ya fizga da ƙarfi tun farko, sau da yawa za ka tarar da shi zaune a bakin titi, numfashi ya ƙare.

A zamanin da, kusa da Koranti akan yi wasannin tsere kowace shekara biyu, ladan gwani kuwa rawanin ganye ne mai bushewa. Da wannan Manzo Bulus ya kwatanta bangaskiya a 1 Korantiyawa 9, ya kuma nanata horon kai.

A nan Katuzu da sauran unguwannin Gashuwa, ciwon ƙoda ya kwantar da mutane da yawa. Makon farko gidan majinyaci cike yake da masu gaisuwa. Bayan wata shida, matarsa kaɗai ke fafutukar neman kuɗin wankin ƙoda. Ina dattawan ikilisiya? Ina zumuntar mata? A filin tsere akan ajiye masu miƙa ruwa har kusa da ƙarshen hanya. Bari mu raba ziyara da gudummawa wata-wata, a rubuta sunan wanda zai je kowane gida a wata na bakwai.