Gwajin Magani da Lamirin Mai Bi

Akwai tambayar da takan tarar da wasu dattawanmu a ɗakin likita. Ciwon daji na furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya bazu har cikin ƙashi. An yi allurar rage sinadarin maza da ke ciyar da cutar, ta yi aiki na wani lokaci, sa'an nan ciwon ya daina jin ta. Sai likita ya ce akwai sabon magani da ake gwadawa, ko Baba zai shiga? Nan zuciyar mai bi takan rabu biyu: in na yarda, ban gwada Ubangiji ba? In na ƙi, ban raina ƙofar da ya buɗe mini ba?

Gwada Allah shi ne abin da Iblis ya nema daga wurin Yesu a bisa Haikali (Matta 4): mutum ya jefa kansa cikin haɗari ba dalili, domin ya tilasta wa Allah nuna ikonsa. Neman magani ba ya cikin wannan. Allah ne ya ƙara wa Sarki Hezekiya shekara 15, duk da haka Annabi Ishaya ya umarta a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Daniyel ma ya roƙa a gwada shi da abokansa kwana 10 da ganye da ruwa, a kwatanta su da masu cin abincin sarki.

Sai dai bege na gaskiya ba ya yaudarar kansa. Gwaji ba alkawarin warkewa ba ne. Sau da yawa akan raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu su karɓi maganin da aka sani, wasu a ba su sabon. Sabon yana iya taimakawa, yana kuma iya ƙara wahala. A 2004 wani gwaji da maza sama da 1,000 suka shiga ya nuna cewa maganin docetaxel yana ƙara kimanin wata biyu da rabi a kan tsohon magani. A Birtaniya, gwajin STAMPEDE da aka fara a 2005 ya tara maza fiye da 10,000, ya kuma canza yadda ake jinyar wannan ciwo. Da yawa daga cikinsu ba su ci amfanin abin da suka shuka ba. Na bayansu ne suka girba. Saboda haka wanda ya shiga, kyauta yake bayarwa ga maƙwabcin da bai taɓa gani ba.

Kyauta kuwa ba a karɓarta da tilas, kamar yadda Manzo Bulus ya koyar (2 Korintiyawa 9). Ba mu manta da Kano a 1996 ba, inda aka gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko iyaye sun san abin da suka yarda da shi. Don haka, ɗan'uwa, kada ka sa hannu sai an bayyana maka komai da harshen da kake ji. Tambayi illolin maganin, da wanda zai biya kuɗin jinya in abu ya ɓaci, da kwamitin da ya amince da binciken. Kana da ikon janyewa ko yaushe, ba tare da an hana ka kulawa ba.

Ku kuma 'ya'ya da mata, kada ƙaunarku ta zama matsi. Dattijon da ya zaɓi ya ƙarasa kwanakinsa a gida, ana rage masa zafi, jikokinsa kewaye da shi, bai yi zunubi ba. Wanda ya miƙa hannunsa ga allurar gwaji bai rasa bangaskiya ba. Dukansu na Almasihu ne, ko a raye ko a mace.

Ya Uba, ka ba marasa lafiyarmu hikimar zaɓi, ka ba likitoci gaskiya da tausayi, cikin sunan Yesu. Amin.